Ritaya: Tambayoyin ma'aikata iri ɗaya ne, amma amsar kowa daban

A duk shekara dubban ma'aikata ne ke karɓar takardar ajiye aiki a Najeriya. A aikin gwamnatin tarayya ƙa'idar a bayyane take: shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga cika. Dokar da aka sa wa hannu a 2022 ta ƙara wa malaman makaranta zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki, farfesoshin jami'a kuma suna kaiwa 70.

Ke nan tun ranar da aka ba mutum takardar ɗaukar aiki zai iya ƙirga ranar da albashinsa zai tsaya. Duk da wannan dogon gargaɗi, ritaya na ci gaba da riskar mutane kamar daga sama.

Tambayoyin masu shirin barin aiki ba su cika canzawa ba. Nawa za a ba ni a dunƙule? Fanshon zai riƙe gida? In bar kuɗin a kamfanin fansho ko in kai kamfanin inshora? Wace sana'a zan kama? Kuɗin nan halal ne? Ana jin su a ofisoshin fansho, a shirye-shiryen rediyo, a majalisar bayan la'asar da zaurukan WhatsApp na tsofaffin abokan aiki.

Matsalar a wurin amsa take. Yawanci wanda ya riga yin ritaya ne ke faɗin abin da ya yi, saura su bi sahu, alhali shekarunsu da iyalinsu da lafiyarsu da basukansu ba ɗaya ba ne. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Doka kowa zai iya karantawa, amma shawarar da za ta amfani mutum ita ce wadda aka gina a kan lissafin gidansa, daga bakin wanda ya san harkar kuma ba ya neman sayar masa da komai.

Wane tsari ake ciki?

Kafin 2004 gwamnati ce ke ɗauke da fansho kacokan daga kasafin kuɗi. Bashin ya taru har ya gagari biya, tsofaffi suna faɗuwa a layin tantancewa. Dokar gyaran fansho ta 2004 ta kawo tsarin karo-karo, aka sake mata fasali a 2014.

A ƙarƙashin dokar, ma'aikaci na zuba aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa duk wata, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba aƙalla kashi 10, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin shi kaɗai. Kamfanin fansho ne ke juya kuɗin, wani kamfani daban ke riƙe su a ajiye, hukumar PenCom kuma na sa ido a kan duka biyun.

Sai dai ba kowa ke cikin wannan tsari ba. An fitar da sojoji da jami'an leƙen asiri. Ma'aikatan tarayya da suka yi ritaya a tsohon tsari suna hannun hukumar PTAD. Jihohi kuwa kowacce da dokarta. Kaduna ta rungumi tsarin asusun kai. Kano da Jigawa suna da asusun haɗaka da hukumomin jiha ke gudanarwa, inda ake lissafa fansho da garatuti bisa albashi da shekarun aiki. Wasu jihohin har yanzu suna kan tsohon tsari.

Wannan bambanci kaɗai ya isa ya rushe shawarar majalisa. Abin da tsohon ma'aikacin jihar Kano zai faɗa a kan garatuti bai shafi ma'aikacin asibitin tarayya da ke zaune a layi ɗaya da shi ba. Haka kuma ma'aikacin tarayya da ya fara aiki kafin sabon tsarin yana da haƙƙin shekarun baya da gwamnati za ta zuba masa a asusu, kuma jinkirin zuba wannan kuɗi ne ya sha barin mutane watanni babu albashi babu fansho. Wanda ya san yana cikin wannan rukuni dole ya tanadi abin da zai riƙe gida a watannin jira.

Yaushe za a fara shiri?

Amsar da ta dace da kowa a nan guda ɗaya ce: tun ran gini ran zane. Nairar da aka zuba a asusu mutum yana ɗan shekara 30 tana da shekara 30 a gaba da za ta yi ta haihuwa. Wadda aka zuba yana da 57, shekara uku kacal gare ta. Doka ta ba da damar ƙara wani abu na ganin dama a kan kason da ake cira, amma kaɗan ne ke amfani da damar.

Akwai kuma ayyukan da ba sa buƙatar ko sisi. Na farko, duba bayanin asusu a kai a kai. Doka ta ce a zuba kuɗin cikin kwana bakwai na aiki bayan biyan albashi, amma akwai wuraren aikin da ke cira a takardar albashi su ƙi zubawa. Wanda ya gano haka yana bakin aiki yana da inda zai kai ƙara. Wanda ya gano bayan shekara goma, watakila kamfanin ma ya rufe.

Na biyu, daidaita takardu. Suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya a fayil ɗin ofis, a lambar NIN, a banki da kamfanin fansho. Saɓanin harafi ɗaya tsakanin Muhammad da Mohammed ya isa ya sa dattijo ya yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da ofisoshi a lokacin da ba shi da kuɗin mota.

Na uku, sanin inda aka ajiye kuɗin. Tun 2018 an raba asusun fansho gida-gida gwargwadon shekaru da yawan kasadar da ake ɗauka wajen zuba jari: akwai na masu ƙasa da shekara 50, akwai na waɗanda suka haura, akwai na waɗanda suka riga suka yi ritaya. Tun Nuwamban 2020 kuma ma'aikaci na iya sauya kamfanin fansho sau ɗaya a shekara. Zaɓin da ya dace da matashin da ke da shekara 25 a gaba ba shi ne na wanda ya rage masa shekara huɗu ba.

Nawa ne zai isa?

Babu adadi guda da ya isa kowa, kuma duk wanda ya faɗi adadi kafin ya ji halin gidan mai tambaya, ƙiyasi kawai yake yi.

A ɗauki misalin ma'aikata biyu da suka yi ritaya a mataki ɗaya, da kuɗi iri ɗaya a asusu. Na farko yana zaune a gidan kansa a Zariya, ya aurar da 'ya'yansa, yana da gonar da ke ba shi masara da wake. Na biyu yana haya a bayan garin Abuja, ya ƙara aure a makare, autansa na aji uku na firamare, ga ciwon suga da ke cin kuɗin magani duk wata. Fanshon da zai bar na farko da rarar zumunci ba zai kai na biyu tsakiyar wata ba.

Sannan ga hauhawar farashi, wadda ta fi cutar da mai fansho fiye da kowa, domin ba shi da ƙarin girma ko alawus da zai sa rai. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023 da sakin naira ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta sanya hauhawar farashi a kashi 34.8 cikin 100 a Disamban 2024. An ɗaga mafi ƙarancin albashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a shekarar, amma fanshon mutane da yawa bai bi wannan sahu ba.

Lissafin mai sauƙi ne. Idan farashi na tashi da kashi 20 a shekara, cefanen da ake yi da naira 50,000 yau zai haura naira 100,000 cikin shekara huɗu. Wanda ya bar aiki yana da shekara 60 zai iya rayuwa wasu 20 ko fiye idan Allah ya ja kwana. Saboda haka tambayar da ta kamata ita ce me kuɗin zai saya bayan shekara goma, kuma wace hanyar samu mutum ke da ita da ke tashi tare da farashi, kamar haya ko amfanin gona ko dabbobi.

Kamfanin fansho ko kamfanin inshora?

A nan ne aka fi buƙatar natsuwa, domin wani ɓangare na wannan zaɓi ba a warware shi.

Mai asusun kai yana samun damar taɓa kuɗinsa idan ya yi ritaya kuma ya kai shekara 50. Wanda ya rasa aiki kafin nan, ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya cire abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 ba. A lokacin ritaya ana ba mutum wani kaso a dunƙule, sauran a riƙa biyansa wata-wata. Yawan abin da za a ba shi a dunƙule ya danganta da shekarunsa, jinsinsa, albashinsa na ƙarshe da abin da ya taru a asusun. Shi ya sa mutum biyu daga ofis ɗaya ke fitowa da adadi daban, kowa yana zargin an cuce shi.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne wannan kuɗin dunƙule daga cikin ajiyar mutum ake yanko shi. Duk nairar da aka karɓa yau ta rage fanshon gobe.

Sauran kuɗin hanya biyu gare su. Ta farko, a bar su a kamfanin fansho ya ci gaba da juya su yana biyan mutum daki-daki. Asusun na nan da sunansa, idan jarin ya yi kyau ana iya ƙara masa fansho, idan ya rasu abin da ya rage na magada ne. Haɗarin shi ne mai tsawon rai na iya ganin asusun ya yi ƙasa.

Ta biyu, a miƙa kuɗin ga kamfanin inshora da hukumar NAICOM ta amince da shi, ya ɗauki alƙawarin biyan mutum har ƙarshen rayuwarsa, ko da ya kai shekara ɗari. A nan akwai lamunin shekara 10: idan mutum ya rasu a cikinsu, magada za su karɓi abin da ya rage na wa'adin. Idan ya wuce su kafin ya rasu, a mafi yawan yarjejeniyoyi babu abin da zai saura ga iyali. Kuma wanda ya fara da kamfanin fansho zai iya komawa inshora daga baya, amma wanda ya shiga inshora ba ya dawowa.

Wanne ya fi? Ya danganta. Mai ƙananan yara da ke tunanin abin da zai bar musu yana da dalilin karkata ga hanya ta farko. Wanda ya fito daga gidan masu tsawon rai, ba shi da wata hanyar samu, kuma babban tsoronsa kada kuɗi su ƙare yana raye, yana da dalilin duba ta biyu. Abin takaici, mutane da dama suna yanke wannan hukunci a tsaye a farfajiyar ofis, tsakanin wakilin kamfanin fansho da ke son kuɗin su zauna a wurinsa da dillalin inshora da ke jiran la'adarsa.

Me za a yi da kuɗin sallama?

Ranar da kuɗin dunƙule ko garatuti suka shiga asusu, a ranar mutum yake yin sababbin masoya. Ga ɗan uwa mai neman jari, ga aboki mai labarin wata harka da ke kawo riba ninki, ga bikin da aka daɗe ana ɗagawa, ga burin sauke farali. Kowace buƙata da hujjarta, amma kuɗin sau ɗaya suke zuwa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne zuba komai a sana'ar da mutum bai taɓa yi ba. Wanda ya shekara 35 yana sa hannu a fayil bai san farashin abincin kaji ba, bai san yadda direban adaidaita sahu ke kawo balas ba, bai san lokacin da ake sayen hatsi a Dawanau da lokacin da ake sakinsa ba. Koyon kasuwa da kuɗin da ba za a sake samu ba karatu ne mai tsada. Wanda ke da niyyar sana'a gara ya gwada ta da ƙaramin jari tun albashi na shigowa, cikin iyakar doka. Ga ma'aikacin gwamnati, kundin tsarin mulki noma kaɗai ya yarje masa ya gudanar yana bakin aiki.

Mafi muni shi ne tarkon masu alƙawarin riba mai yawa cikin ɗan lokaci. MMM ta yi wa 'yan Najeriya alƙawarin kashi 30 cikin 100 duk wata kafin ta rufe asusun mutane a Disamban 2016. A Afrilun 2025 CBEX ta tafi da kuɗin wasu dubbai. Ribar kashi 30 a wata na nufin naira 100,000 ta haura naira miliyan biyu cikin shekara guda. Babu kasuwancin halal da ke yin haka, kuma da akwai, mai shi ba zai bi tsofaffi yana roƙon su kawo kuɗi ba. Dokar zuba jari ta 2025 ta tanadi ɗauri ga masu irin wannan damfara, amma ɗaurin ɓarawo ba ya dawo da garatuti. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Ko banki ma yana buƙatar lura. Hukumar NDIC ta ɗaga lamunin ajiya zuwa naira miliyan 5 ga kowane mai asusu a bankin kasuwanci a 2024, kuma a Yunin shekarar Babban Banki ya soke lasisin Heritage Bank. Masu ajiyar da ta wuce wannan adadi sai da suka jira a sayar da kadarorin bankin. Darasin shi ne kada a tara komai a wuri guda.

Shawara ta gari a nan takan fara da jinkiri: a bar kuɗin su huta watanni, a biya bashi, a ware na ko-ta-kwana da na asibiti, a ware abin da za a taimaka wa dangi da shi a tsaya a kansa, sannan a yi maganar jari da abin da ya rage.

Kuɗin halal ne?

Wannan tambaya ta hana mutane da yawa a Arewa sakin jiki da tsarin fansho, domin kaso mai yawa na kuɗin ana zuba shi ne a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa. Tun 2021 PenCom ta buɗe asusu na shida wanda ba ya mu'amala da kuɗin ruwa, kuma ma'aikaci ko mai ritaya na iya neman a mayar da ajiyarsa can. Ba a mayar da kowa kai tsaye, sai ya nema.

A wajen fansho ma akwai zaɓi. Ofishin kula da basuka na ƙasa ya fitar da Sukuk na farko na naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, ya kuma ci gaba da fitarwa, ana biyan masu zuba jari kuɗin haya sau biyu a shekara. Akwai bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ da Lotus, akwai kamfanonin takaful. Batun zakka a kan kuɗin da aka karɓa a dunƙule kuwa na malamai ne, kuma ya fi kyau a je musu da lissafi a rubuce.

Gida da lafiya fa?

Gidan gwamnati na gwamnati ne, ana fita daga cikinsa bayan ritaya. Wanda bai mallaki muhalli ba, wannan ne babban ramin da zai cinye fanshonsa. Tun 2022 an ba masu asusun kai damar amfani da abin da bai wuce kashi 25 cikin 100 na ajiyarsu a matsayin kafin alƙalami na sayen gida, bisa sharuɗɗa. Dama ce mai kyau ga wani, ga wani kuma ragin fansho ne da zai yi nadamarsa. Waɗanda aka riƙa cire wa kashi 2.5 cikin 100 na asusun gidaje na ƙasa suna da haƙƙin neman kuɗinsu daga bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya bayan ritaya, kuma mutane da dama suna mantawa da shi.

Ita kuwa lafiya, a wurare da yawa inshorar da ma'aikaci ke ci tana tsayawa da tsayawar albashi, daidai lokacin da hawan jini da ciwon gaɓoɓi suka fara sallama. Hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da hukumomin jihohi suna da tsare-tsaren da mutum zai biya wa kansa duk shekara. Gara a yi rajista ana da lafiya.

Idan rai ya yi halinsa?

Mutane da yawa sun ɗauka wanda suka rubuta a fom a matsayin makusanci shi ne zai karɓi kuɗin. Ba haka ba ne. Makusanci wanda za a tuntuɓa ne kawai. Kuɗin na magada ne, kuma kamfanin fansho zai nemi wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kotu ta kula da dukiyar mamaci kafin ya saki ko kwabo. Ga Musulmi, bashi ake fara biya, wasiyya ba ta wuce kashi ɗaya cikin uku, sauran a raba bisa gado.

Doka ta kuma wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshorar rai da ba ta gaza ninki uku na albashin shekara ba, ga wanda ya rasu yana bakin aiki. Zawarawa da marayu nawa ne suka san da wannan haƙƙi? Magidancin da matarsa ba ta san sunan kamfanin fanshonsa ba, ba ta san inda takardun fili suke ba, ya bar wa iyalinsa wahala a kan rashi.

Wanda ba ya cin albashi fa?

Mafi yawan masu neman na kansu a Arewa ba su da takardar albashi. Ɗan kasuwar Kantin Kwari, tela, makaniki, mai sayar da abinci, manomi, babu wanda zai rubuto musu ranar ritaya, amma ƙarfi zai ƙare. A da 'ya'ya ne fansho. Yau 'ya'yan da kansu suna fama da haya da kuɗin makaranta.

A Maris na 2019 aka ƙaddamar da tsarin ƙaramin fansho domin irin waɗannan, inda mutum ke zuba abin da ya sawwaƙa a lokacin da ya samu, wani kaso yana iya cira idan buƙata ta taso, sauran ya jira tsufa. Adashi da kiwo da sayen fili duk suna da amfani, amma ɗan kasuwar da duk dukiyarsa ke cikin shago ɗaya, gobarar dare ɗaya ta isa ta mayar da shi farko. Shi ma yana buƙatar wanda zai zauna da shi a raba masa kuɗin shago da kuɗin tsufa.

To wa za a tambaya?

Matambayi ba ya ɓata, in dai ya san wanda yake tambaya. Ma'aikacin kamfanin fansho ya san ƙa'ida, amma albashinsa daga kamfanin yake. Dillalin inshora da la'ada yake ci. Ma'aikacin banki an ɗora masa adadin ajiyar da zai kawo. Dukkansu ana iya ƙaruwa da su, muddin an san inda maslahar kowa take.

Mai ba da shawara na gaskiya ana gane shi da tambayoyinsa. Zai fara da shekarun mutum da na iyalinsa, yaran da ke makaranta, bashi, gida, lafiya, kadarori da abin da mutum ba zai taɓa ba saboda addini. Wanda ya fara da sunan hajar da yake tallatawa kafin ya tambayi ko ɗaya daga cikin waɗannan, ɗan talla ne.

Shi ma mai neman shawara yana da tambayoyinsa. Wa ke biyanka, ni ko kamfani? Wace hukuma ta yi maka rajista? Idan abin ya lalace, nawa zan rasa? Idan na buƙaci kuɗina, yaushe zan same su, kuma nawa za a yanka? Za ka rubuta mini wannan ka sa hannu? Hukumar SEC ce ke yi wa masu ba da shawarar zuba jari rajista, kuma ana iya duba sunayensu a shafinta daga waya. PenCom na da ofisoshin shiyya, ciki har da na Kano da Gombe, inda ake kai tambaya da ƙorafi ba tare da biyan komai ba.

Wasu na ganin biyan akanta ko lauya kuɗin zaman awa biyu ɓarna ce. Amma mutumin da ba zai sayi fili ba sai ya kira wanda ya san unguwar, bai kamata ya sa hannu a kan ajiyar shekara 35 bisa saƙon murya da aka turo a WhatsApp ba. Kuma kada a bari kowa ya karɓi kuɗin a asusunsa da sunan zai juya. Mai shawara shawara yake bayarwa, kuɗi a hannun mai su suke zama.

Abin da ya rage ga hukumomi

Ba daidai ba ne a ɗora wa ma'aikaci dukkan laifi. Babu shirin da zai ceci wanda jiharsa ta riƙe masa garatuti shekaru, ko wanda aka cire wa kuɗi ba a zuba ba. Zanga-zangar tsofaffin 'yan sanda a 2025 kan ƙanƙantar abin da suke karɓa ta nuna cewa akwai gyaran da ya wuce na takarda. Gwamnatocin da ke bin tsofaffin ma'aikatansu da alƙawari su biya, a kuma hukunta masu riƙe kuɗin da suka cira.

Bayan haka, taron bita na yini ɗaya da ake yi wa ma'aikata ana saura watanni su tafi bai wadatar ba. Ya kamata PenCom ta wajabta wa kamfanonin fansho zama da kowane mai asusu shi kaɗai aƙalla shekara biyar kafin ritayarsa, a nuna masa a rubuce abin da zai samu a kowace hanya, da Hausa ko harshen da ya fi ganewa. Ƙungiyoyin ƙwadago da na 'yan fansho da na 'yan kasuwa suna da ƙarfin ɗaukar ƙwararrun da ba su da alaƙa da kowane kamfani, su riƙa zama da mambobinsu. Kuɗin ƙungiya da ake cira duk wata ya isa ya ɗauki wannan nauyi.

Shi kuwa ma'aikaci, ba sai ya jira kowa ba. A wannan makon zai iya neman bayanin asusunsa, ya gwada sunansa da ranar haihuwarsa a dukkan takardu, ya rubuta abin da gidansa ke ci a wata, ya zauna da iyalinsa ya nuna musu inda komai yake. Da wannan takarda a hannu ne zai je wurin mai shawara, kuma da ita ne zai gane ko amsar da aka ba shi tasa ce ko ta maƙwabcinsa.